KO A JINI YAKE KO BA A JINI BA, ƘAZAFI BA MAKAMIN KAMFE BA NE



Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan, akwai wata tsohuwar wuƙa da ake zarowa daga kube, a wasa ta, a miƙa wa yaran soshiyal midiya. Wuƙar ita ce zargin luwaɗi. In ba a ce ɗan takarar wancan ɓangare yana yi ba, to za a ce ubangidansa ya sa hannu a kan auren jinsi, ko a ce Turawa sun ba shi kwangilar lalata mana 'ya'ya. Ba a neman hujja. Hoto ɗaya da aka haɗa a waya, da murya ta minti biyu a WhatsApp, kafin la'asar magana ta zaga Arkilla da Gwiwa, ta kai Dundaye da Kalambaina. Ga 2027 ta kunno kai, kuma wasu daga cikin namu sun fara shafa kuben nan. Gara mu yi maganar tun yanzu, mu da kanmu, a cikin gida.

Bari in share fage don kada wani ya ɗauki rabin zance ya gudu da shi. Ni Musulmi ne, ɗan Wamakko. Matsayin addininmu a kan aikin luwaɗi sananne ne, mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa, kuma ni ba malami ba ne balle in zo da sabuwar fatawa. Abin da na zo faɗa ya fi wannan sauƙi: gardamar da ake ta yi ta ko halitta ce ko koyo ne, duk inda ta ƙare, ba ta ba ka izinin yi wa mutum ƙazafi, ko leƙa masa ɗaki, ko tara masa gayya da duwatsu. Ɓangaren da ke cewa yana neman mulki don adalci kuwa bai kamata a same shi da wannan wuƙa a hannu ba.

Mu fara da kimiyyar, tun da kowa ya mayar da ita sanda. Mu nan mun san gado ta hanyar sikila. Mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ƙwayar gado ɗaya ce, ana ganinta a gwajin jini, shi ya sa ake cewa a gwada kafin a ɗaura aure. Mutane da yawa, na can da na nan, sun zaci sha'awar jinsi ma haka take: ko dai akwai ƙwayarta a kama ta, ko babu a ce ƙarya ne. To, binciken bai tafi haka ba.

A 1993 wani masani a Amurka mai suna Dean Hamer ya duba 'yan uwa maza biyu-biyu har gida 40, waɗanda dukkansu masu sha'awar maza ne, ya ce 33 daga ciki sun yi tarayya a wani yanki na sandar gado da namiji ke karɓa daga wajen uwa. Jaridu suka ɗauka da kururuwa wai an gano ƙwayar. A 1999 wasu masana a Kanada suka maimaita gwajin, ba su samu abin da ya samu ba. Aka koma kan tagwaye. In da abin gado ne zalla, tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya dole su zo iri ɗaya kullum, amma sau da yawa ɗaya yana da sha'awar ɗaya ba shi da ita. Wani babban bincike a kan tagwayen ƙasar Suwidin da ya fito a 2008 ya ƙiyasta rabon gado da kusan ɗaya cikin uku ga maza, da kusan ɗaya cikin biyar ga mata.

Mafi girma shi ne na 2019 da mujallar Science ta buga, wanda ya duba ƙwayoyin halittar mutum sama da 470,000 a Ingila da Amurka. An samu wurare biyar masu alaƙa da lamarin, amma in ka haɗa su duka ba su bayyana ko kashi 1 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane ba. In aka tattara dubban ƙananan ƙwayoyi gaba ɗaya, rabon yana tsakanin kashi 8 zuwa 25. Masu binciken da bakinsu suka ce babu ƙwaya guda, kuma ba a iya duba jinin mutum a faɗi wanda zai so. Sannan mutanen da aka gwada jikokin Turawa ne, ba a yi wannan aiki a kan Bahaushe ko Bafulatani ba.

Kenan mai cewa duk a jini yake ya wuce gona da iri. Mai cewa gado ba shi da hannu ko kaɗan shi ma ya faɗi abin da bai sani ba. Kuma rashin ƙwaya guda ba ya nufin mutum ya zauna ya zaɓa kamar yadda ake zaɓen shadda a kasuwa. Dubi bahago. Shi ma ba a samu ƙwaya guda da ke sa shi ba, rabon gado a ciki bai wuce kusan kwata ba, amma ba wanda ya taɓa jin jinjiri ya yi shawarar zama bahago.

Inda nake so mu tsaya da kyau shi ne nan. Mi ya sa tun farko aka rataya haƙƙin ɗan Adam a wuyan ɗakin gwaji? Masu fafutuka a Turai da Amurka sun rungumi hujjar jini don suna ganin in aka ce haka aka haifi mutum, za a daina tsangwamarsa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Baƙar fata a jini take ɗari bisa ɗari, ba wanda ya taɓa musun haka, amma wannan bai hana a loda kakannin mutane a jiragen ruwa a kai su gonakin rake ba, bai hana wariyar Afirka ta Kudu ba har 1994. Mu ma a nan gida, har gobe akwai gidajen da ke hana aure saboda an ce yaro jikan bayi ne, ko ɗan mahauta, ko ɗan wanzamai. Cewa abu gado ne bai taɓa kare kowa ba, sau da yawa ma shi ne hujjar wulaƙancin.

Juya ta ɗaya gefen. Addini ba a jini yake ba. Ba a gwada jini a ce wannan Musulmi ne. To shin wannan ya halatta abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a 2017, lokacin da sama da mutum 700,000 suka tsere daga Bama zuwa Bangaladash? Wa zai yarda a ce tun da su suka zaɓi addininsu, ba su da haƙƙin rai? Ashe haƙƙin rai da mutunci da shari'ar adalci ba daga ƙwayar halitta suke fitowa ba. Daga zama ɗan Adam suke fitowa, wanda Allah Ya ce Ya karrama shi.

In kana son ganin yadda ɗan siyasa ke wasa da wannan gardama, dubi Yuganda. A farkon 2014 Shugaba Yoweri Museveni ya ce ba zai sa hannu a dokar hukunta masu luwaɗi ba sai masana sun gaya masa ko halitta ce. Aka kawo masa rahoto, ya tsinci abin da ya yi masa daɗi, ya sa hannu ranar 24 ga Fabrairu. A watan Agusta kotun tsarin mulki ta soke dokar, don 'yan majalisar da suka zartar da ita ba su kai adadin da ake buƙata ba. Kimiyya dai rigar aro ce aka sa mata, lissafin ƙuri'a ake yi.

Malamanmu kuwa ba su jira ɗakin gwaji ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba namiji mai ɗabi'ar mata gida biyu: wanda haka aka halicce shi a murya da tafiya, wannan ba zargi ba zunubi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa da gangan. Littattafan fiƙihu da muke karantawa a zaure suna da babi a kan mata-maza, har da yadda za a raba masa gado. Fiƙihu ya bambanta abin da ke cikin zuciya da abin da gaɓɓai suka aikata, kuma alƙali ba ya hukunta zuciya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, aikin ma ba ya tabbata sai da shaidu huɗu adalai da suka gani da idonsu, ko iƙirarin mai shi, wanda kuma yana iya janyewa. Wanda ya jefi mutum da wannan zargi bai kawo shaidu ba, shi ne mai laifi, bulala 80 ce a kansa, kuma shaidarsa ta faɗi. Haddin ƙazafi yana cikin Suratun Nur, hanin bin diddigin asirin mutane da mummunan zato yana cikin Suratul Hujurat. Yaron da ya zauna a shagon cajin waya ya rubuta cewa wane ɗan luwaɗi ne, ya tura wa guruf goma, a ma'aunin Shari'ar da yake cewa yana karewa, bayansa ne ya cancanci bulala.

Sai zancen da aka fi so: wai Turawa ne suka kawo mana. Kalmomin luwaɗi da maɗigo da ɗan daudu sun girmi zuwan Lugga Giginya a 1903. Da babu abin a ƙasashen Musulmi, da malaman fiƙihu ba su ɓata tawada a kansa ba. Duk wanda ya girma a Sakkwato ko Kano ya san 'yan daudu a tashar mota da kasuwa, suna tuya suna sayar da abinci, suna hidima a gidan biki. Ana yi musu dariya, ana yi musu wa'azi, amma ana sayen abincinsu, kuma kowa ya san ba kowane ɗan daudu ne ke aikata abin da ake zargi ba. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna yadda rayuwa ta ƙuntata musu bayan shekarar 2000, da yawa suka watse.

Abin da Bature ya kawo shi ne rubutacciyar dokar kurkuku. Ingila ta yi dokarta tun 1533, tana rataye mutane a kai har 1835. Ta kai wa Indiya sashe na 377 a 1860. Kundin finalkod na Arewa na 1959 ya biyo ta Indiya da Sudan, sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14. Ingilar nan ce a 1952 ta gurfanar da Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka mata karya asirin saƙonnin Jamus a yaƙin duniya na biyu, ta tilasta masa maganin kashe sha'awa, ya mutu a 1954, sai a 2013 aka yi masa afuwa. A Jamus ta Hitila an yanke wa maza wajen 50,000 hukunci, dubbai aka tura sansanonin azaba. Sai a 1967 Ingila ta sassauta dokarta, sai a 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire abin daga jerin cututtuka.

Don haka mutanenmu suna da gaskiya in suka ji haushin wa'azin Turawa. Wanda ya rubuto maka doka jiya, yau ya dawo yana maka barazana in ba ka soke ta ba. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi, a 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda. Wannan raini ne, kuma ba ya ƙara wa waɗanda ake cewa ana karewa komai sai baƙin jini. Amma haushin Landan ba a huce shi a kan mai tuyar ƙosai na bakin tasha. Shi bai san Cameron ba, Cameron bai san shi ba.

Mun ga abin da ke faruwa in aka kunna wannan wuta. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a watan Janairun 2014: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu ƙungiya ko masu taimakawa. A cikin watan, a Bauchi, gungun mutane suka yi wa kotun Shari'a ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka tarwatsa su. Daga baya kotun ta sallami wasu daga ciki saboda babu shaidu. Ka yi tunanin da an miƙa su ranar. A watan Fabrairu, a Gishiri da ke Abuja, aka bi gida-gida cikin dare aka fito da samari fiye da goma ana duka. Wani bincike a Abuja da aka buga a 2015 ya nuna tsoron zuwa asibiti a tsakanin irin waɗannan maza ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100 bayan dokar. Mai ɗauke da ƙanjamau da ya guji asibiti, in yana da mata a gida, ita za ta kwasa, jinjirinta ma yana iya kwasa. Wa muka hukunta kenan?

Mu Sakkwatawa ba sai an ba mu labarin bambancin kotu da gayya ba. Matar nan ta Tungar Tudu da kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Sakkwato ta wanke ta a watan Maris na 2002, da hujjoji daga cikin Shari'ar kanta. Kotu tana kuskure, ta sama ta gyara. Amma abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022, a cikin ƙaramar hukumarmu, da wanda ya faru a mahautar Sakkwato a watan Yunin 2023, wace kotu za ta dawo da su? Zargin ya bambanta, na sani, amma hanyar ɗaya ce: wani ya ɗaga murya, jama'a ta taru, ba alƙali, ba shaida, ba a ji ta bakin mai shi ba. Al'ummar da ta saba da haka, kowa a cikinta kalma ɗaya ce tsakaninsa da kabari.

Ku tuna Samowa. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ranar 28 ga Yunin 2024. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga cewa akwai sharaɗin goyon bayan masu auren jinsi a ciki, da dala biliyan 150. Arewa ta ɗauki zafi, aka yi huɗubobi, aka tsine wa ministan kasafi Atiku Bagudu, maƙwabcinmu na Kabi. Shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa na lokacin, Yakubu Maikyau, ya ce sun karanta ba su ga sharaɗin ba. Hukumar sauraron koken kafafen watsa labarai ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta ba da haƙuri. Wannan mutunci ne a gare ta. Amma cikin dubban da suka tura labarin farko, mutum nawa suka tura na biyu? Magana zarar bunu ce.

Wani zai ce, to, mu naɗe hannu ana lalata yara? A'a. Wanda ya taɓa yaro, namiji ko mace, ɗan makarantar boko ko almajiri, azzalumi ne, a kai shi gaban alƙali, kuma jihar nan ta samu dokar kare yara tun 2021. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: irin wannan ƙara, in mai laifin mai kuɗi ne ko mai rawani, mu ne ke zuwa gidan iyayen yaron da dattawa mu ce a rufa asiri. Ƙarfinmu sai a kan wanda ba shi da kowa. In da gaske kishin yara ne, a fara daga can.

Ga roƙona ga shugabannin wanga ɓangare namu da masu kula da shafukanmu. Kada a bari wani ya yi amfani da sunanmu ya jefi ɗan adawa, ko ɗan ɗaya ɓangaren na jam'iyyarmu, da wannan zargi. Wanda ya turo irin wannan saƙo a guruf, a goge, a kira shi a yi masa faɗa, in ya sake a cire shi. Wanda aka ba kuɗin data don ya yaɗa, ya tambayi kansa ko ladan ya kai bulala 80, balle tsayuwar gobe ƙiyama. In rikici ya tashi a unguwa an kama wani, ɗan ɓangarenmu ya zama mai tsayawa a ƙofa ya ce a kira hukuma. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, Shari'a kuma ta riga shi faɗa da shekaru sama da dubu.

Kuma ko don lissafin siyasa, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wayar da ta haɗa hoton ɗan takararsu ita za ta haɗa na namu, ba ta san jam'iyya ba. Muna da abin faɗa wa jama'a wanda ba ya buƙatar ƙarya. Mutanen Isa da Sabon Birni suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma. Tangaza da Gudu suna fama da Lakurawa. Ga yaran da ba su zuwa makaranta, ga tsadar taki, ga matasanmu da digiri a hannu suna kabu-kabu. Duk ɗan takarar da ya bar waɗannan ya koma leƙen ɗakin kwanan abokin hamayya, ya gaya muku da bakinsa cewa ba shi da amsa.

Masana za su ci gaba da gwaje-gwajensu, wataƙila gobe su zo da wani adadi daban. Ba abin da zai canza a kan abin da ya hau kanmu yau: mu kame bakinmu daga abin da ba mu gani ba, mu bar wa alƙali aikinsa, mu bar wa Allah abin da Ya suturta.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba jiharmu zaman lafiya. Amin.